Lissafin Aljihu Da Tawakkalin Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai azurta bayi ta inda suka sani da inda ba su sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, mabuɗin abin da aka kulle, cikamakin abin da ya gabata, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu, Shehu Ahmadu Tijani, da halifofinsa da muƙaddamansa, ya amfanar da mu da albarkarsu.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa a cikin Allah, akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakinmu, mu matasan zawiya, idan aka taɓo zancen kuɗi. Da zarar wani ya ce yana rubuta abin da ya shigo hannunsa da abin da ya fita, sai a yi masa murmushi a ce: "Kai kuma, ina tawakkalinka? Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana masa abinci." Wani ma har ya ƙara da cewa ƙidaya tana kore albarka, kuma faƙiri ɗan lokacinsa ne, ba ruwansa da gobe. Maganar tana da daɗin ji, kuma tana kama da zancen manyan bayin Allah, shi ya sa ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. Shin muridin da ya tsara yadda zai kashe kuɗinsa na wata, yake kuma bin sawun kowace dala da ta fita, ya rage wani abu daga dogaronsa ga Allah?

Abin da na fahimta daga karatun malamanmu shi ne bai rage komai ba. Lissafin aljihu reshe ne na muhasaba, wato hisabin da bawa yake yi wa kansa tun kafin a yi masa, kuma muhasaba tana cikin ginshiƙan wannan hanya. Amma masu waccan magana suna da hujjoji na gaske, kuma adalci ne a fara da su.

Hujjarsu ta farko ita ce Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara masa yarda. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umurni da sadaka, Sayyidina Umar ya kawo rabin dukiyarsa, shi kuwa Abubakar ya kawo tasa duka, bai bar wa iyalinsa komai ba sai Allah da Manzonsa, kuma an karɓa daga gare shi. Ta biyu ita ce hadisin tsuntsaye, waɗanda ke fita da safe da yunwa su komo da yamma a ƙoshe, ba rumbu ba asusu. Ta uku kuwa littafi ne sukutum na Ibnu Aɗa'illah, mai Hikam, wanda ya rasu a shekara ta 709 bayan Hijira, mai suna Attanwir fi Isƙaɗit Tadbir, wanda maudu'insa shi ne bawa ya sauke dabarar kansa ya bar wa Ubangijinsa. Duk wanda ya haɗa waɗannan uku zai iya cewa tsarin kashe kuɗi dabara ce, dabara kuwa hijabi ce.

To amma Annabin da ya karɓi dukiyar Abubakar duka, shi ne ya hana wasu yin irin haka. Lokacin da Allah ya karɓi tuban Ka'abu ɗan Maliku bayan yaƙin Tabuka, ya so ya sadakar da duk abin da ya mallaka don godiya, sai aka umurce shi da ya riƙe wani sashe, domin hakan ya fi masa alheri. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, yana kwance ba lafiya a Makka, ya nemi ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana shi. Aka tsayar da shi a kan sulusi, aka kuma nuna masa cewa barin magadansa da wadata ya fi barin su suna miƙa wa mutane hannu. Bayan wannan, Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa shi kansa Shugaban masu tawakkali yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Ba ya yiwuwa a ware abincin shekara sai an san yawan bakunan da za su ci da abin da suke ci a rana. Wannan lissafi ne, kuma an yi shi a gidan Annabta.

Abin da malamai suka ciro daga nan shi ne, halin Abubakar maƙami ne na wanda zuciyarsa ba ta girgiza idan hannunsa ya wayi gari fayau, kuma iyalinsa suna tare da shi a kan wannan haƙuri. Alamar mai wannan maƙami ita ce idan abin ya ƙare ba ya kai kuka ga kowa. Wanda kuwa ya watsar da kuɗinsa ranar 5 ga wata da sunan tawakkali, ranar 20 kuma ya kama waya yana kiran yayansa da ke Yamai ko kawunsa da ke Kwatano a turo masa, dogaronsa bai koma ga Allah ba, ya koma ga aljihun ƴan uwa. Shi ya more daɗin kyauta da yabon mutane, wasu suka ɗauki nauyin. Hatta tsuntsayen da ake kafa hujja da su, hadisin ya ce fita suke yi da safe.

Shi ma Ibnu Aɗa'illah bai jefar da dabara dukkanta ba. A cikin Attanwir ɗin ya raba ta biyu, abar zargi da abar yabo. Abar zargi ita ce wadda bawa ke yi don biyan son ransa, yana ja-in-ja da hukuncin Ubangiji. Abar yabo ita ce wadda ke kai shi ga sauke haƙƙoƙin Allah da na bayinsa. A farkon Hikam kuma ya yi gargaɗi cewa wanda Allah ya tsayar a cikin sababai, sannan ya riƙa kwaɗayin ya tuɓe su, wannan kwaɗayi sha'awa ce ɓoyayya. Mu kuwa, ɗalibai da ƴan kasuwa da ma'aikata da masu kabu-kabu, a cikin sababai aka tsayar da mu. Akwai kuɗin haya a kanmu, akwai iyaye masu jiran abin da za mu aika. Ladabin wanda ke cikin sababai shi ne ya kyautata su, kamar yadda aka umurci mai raƙumi a hadisin Tirmizi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara. Imamu Gazali, a babin tawakkali na Ihya'u, ya bayyana cewa mai iyali ba ya fita daga tawakkali don ya tanadi abincin shekara, domin tawakkali hali ne na zuciya, muhallinsa ba aljihu ba ne.

Sai batun cewa ƙidaya tana kore albarka. Ya ɗan uwa, dubi abin da ke rataye a wuyanka ko a hannunka. Mu mutane ne masu ƙidaya safe da yamma. Lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100. Wazifa istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ba mu taɓa jin wani muƙaddami ya ce a ajiye carbi don ƙidaya tana rage ihlasi ba. An ba mu adadi ne domin an san halin rai: idan aka bar shi da "gwargwadon iko", yau zai yi dubu cikin shauƙi, jibi ya yi goma, bayan wata guda ya daina. Ran da ke zamewa a wajen zikiri idan ba a ƙidaya masa ba, shi ne dai ran da ke riƙe da aljihu. Ta yaya za mu ƙi amince masa a kan hailala ɗari, sannan mu sakar masa jaka talatin ba tambaya?

Magabatanmu sun ɗauki wannan ƙidaya da gaske. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243, laƙabinsa ma daga yawan yi wa kansa hisabi ya samo shi. Ibnu Arabi ya ba da labari a Futuhat cewa wasu daga shehunansa a Andalus sukan rubuta abin da suka faɗa da abin da suka aikata a wuni cikin wani littafi, bayan sallar isha su buɗe su duba, abin da ya cancanci istigfari su yi istigfari, abin da ya cancanci godiya su gode. Imamu Gazali kuwa, da ya zo bayanin muraƙaba da muhasaba, da misalin kasuwanci ya gina babin: hankali ɗan kasuwa ne, rai abokin cinikinsa ne wanda ba a gama yarda da shi ba, don haka sai a gindaya masa sharaɗi da safe, a sa masa ido da rana, a yi lissafi da shi da dare. Idan aka ari hanyar ƴan kasuwa don gyaran zuciya, ba abin kunya ba ne a mayar da ita ga kuɗin da aka aro ta daga gare su. Sharaɗin safe shi ne tsarin da kake yi a farkon wata, sa ido shi ne rubuta abin da ya fita, lissafin dare kuma shi ne zaman da kake yi ka gwada abin da ka yi niyya da abin da ya auku.

Abin da ya sa wannan ya wuce shawarar zaman duniya shi ne hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi game da rayuwarsa da iliminsa da jikinsa da dukiyarsa. A kan dukiya tambaya biyu ce: ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. Mun fi kula da ta farko, muna gudun riba da haram, kuma haka ya dace. Amma ta biyu tana nan daram. Mutumin da ba zai iya faɗin inda kuɗin makon jiya suka tafi ba, alhali kwana bakwai ne kawai, wace amsa ya shirya wa tambayar da za ta game shekaru sittin? Suratul Furƙan, aya ta 67, ta siffanta bayin Mai Rahama da cewa ciyarwarsu tana tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Suratul Isra'i, aya ta 29, ta hana ƙuƙunce hannu, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Tsakiya kuwa ba a gane ta sai an san gefe biyu. Wanda bai san abin da yake samu da abin da yake kashewa ba, ba shi da ma'aunin da zai ce yana tsakiya.

Mu dawo gida. Iyayenmu manoma a karkarar Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa jin wannan a matsayin saɓa wa tawakkali ba. Da kaka manomi yana ƙidaya dammansa, ya fitar da ɗaya cikin goma na zakka, ya ware iri, ya zuba sauran a rumbu, uwargida kuma ta san tiya nawa ake ɗiba a rana. Ya san cewa wanda ya sayar da hatsinsa da arha lokacin kaka don biki, shi ne zai saye shi da tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Wannan hikima tana cikin Suratu Yusuf, inda Annabi Yusufu, alaihis salam, ya tsara wa Masar ajiyar shekara bakwai na wadata, a bar hatsin cikin zangarniyarsa, don shekara bakwai na fari. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a yankunanmu, da tsadar da ta biyo bayan rufe iyakoki a 2023, sun san cewa shekarun fari ba labarin dā ba ne kawai. Abin da ya sauya shi ne rumbun ɗan birni ya koma cikin waya. Damin gero ana ganin raguwarsa da ido, amma kuɗin da ke cikin waya suna zarcewa da danna lamba huɗu, ba nauyin da hannu zai ji.

Ga misali, don a ga yadda ƙaramin abu yake girma. A ce matashi yana kashe dala 40 kowace rana, wato sefa 200, a kan abin da shi kansa ba zai tuna ba da dare: ƙarin kuɗin intanet don kallon abin da ba ya amfanarsa, ko karo-karon shayi na uku a fada. A wata guda jaka 6 ke nan. A shekara jaka 73. Shayi halal ne, zama da abokai kuma ba laifi ba ne. Amma wannan matashin shi ne zai ce maka ba shi da halin sayen Risala ko Jawahirul Ma'ani, ba shi da abin da zai aika wa mahaifiyarsa da azumi, kuma idan Maulidin Kiota ya matso sai ya ci bashin kuɗin mota. Bai yi ƙarya ba da ya ce ba shi da shi. Bai dai san yana da shi ba, domin bai taɓa dubawa ba. Ga ɗalibi abin ya fi nauyi, saboda kuɗin da ke zuwa masa sau da yawa akuya ce aka kai kasuwa, ko tiyoyin wake da uwa ta ɓoye. Kuɗin burs ma ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba, kuma idan suka zo a dunƙule sukan sa mutum ya ji kamar ya yi arziki na kwana uku. Kuɗin da aka aiko don karatu amana ce mai sharaɗi, kuma mai amana shi ya fi kowa buƙatar rubutu.

Inda rashin lissafi ya fi yi mana ɓarna shi ne bashi tsakanin ƴan uwa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba aibi ba ne mabuƙaci ya ranta. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Mu kuwa muna jin kunyar rubutawa, wai ƴan uwantakar ɗariƙa ta wuce takarda. Sai mai bayarwa ya riƙe a zuciya, mai karɓa ya manta, bayan wata shida mutum biyu suna zaune gwiwa da gwiwa a da'irar wazifa, ɗaya yana kauce wa idon ɗaya. Mun san cewa yanke zumunci da gaba tsakanin ƴan uwa suna cikin abubuwan da Shehu ya tsananta gargaɗi a kansu. Mun kuma san cewa an kawo wata gawa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai sallace ta ba saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya; kuma Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Istigfari yana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma jaka biyar ɗin mai shago sai an biya shi ko ya yafe. Layi ɗaya a takarda yana iya tsare zumuncin shekara ashirin.

Yadda za a yi abin ba shi da wuya. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin a taɓa su, a zauna a raba su bisa jerin da shari'a ta jera haƙƙoƙi. A fara da wajibi: ci da haya da magani da kuɗin karatu, da nauyin waɗanda ciyar da su ke kanka, domin hadisi ya yi umurni a fara da su. Sai bashin da lokacinsa ya yi, tunda jinkirin mai hali zalunci ne. Sai a ware wani abu na sadaka da hidimar zawiya da hadiyya, ko da dala 20 ce a mako, domin aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Sai ajiya don larura da abin da aka san yana tafe, kamar ragon layya da tafiyar ziyara, a asusu ko a adashi tare da amintattu. Abin da ya rage shi ne na jin daɗi, a ci shi da godiya ba tare da damuwa ba. Sannan a sami ɗan littafi, ko a buɗe wuri a waya, kowane dare bayan an idar da wuridi a ɗauki minti biyu a rubuta abin da ya fita. Ranar Juma'a, bayan zikiri, a duba na mako. Wanda Allah ya buɗa wa har ajiyarsa ta kai nisabi ta kuma shekara, da wannan littafin ne zai san ranar da zakka ta hau kansa da ɗaya cikin arba'in ɗin da zai fitar.

Sai dai akwai rami a ɗaya gefen, kuma wajibi ne a faɗe shi. Littafin lissafi yana iya zama gunki. Akwai wanda zai fara rubutu don tsoron hisabi, ya ƙare yana rubutu don son ganin adadi yana hawa, har baƙo ya zama masa asara, almajiri a ƙofa ya zama ɓarna ga tsari. Wannan ya kuɓuta daga almubazzaranci ya faɗa rowa, kuma rowa ta fi muni ga mai neman Allah. Ga ma'aunin da mutum zai gwada kansa da shi: idan wani abu ya zo ya rushe tsarin wata, rashin lafiyar mahaifi ko maƙwabcin da ya kwana da yunwa, me zuciya take yi? Idan ta miƙa abin da ke ajiye tana gode wa Allah da ya sa akwai abin miƙawa, to lissafin yana yi wa tawakkali hidima. Idan kuwa ta ƙuntata tana jin an yi mata fashi, to ta dogara ga takarda, sai a koma ga istigfari. Muna tsarawa ne a matsayin wakilai a kan dukiyar da ba tamu ba, kuma Mai dukiya yana da ikon ya juya ta inda ya so ba tare da ya shawarce mu ba. Sau da yawa ma mai lissafi shi ne ya fi iya kyauta, domin ranar da ɗan uwa ya zo da larura ta gaske, shi ne ake samun wani abu a hannunsa.

Saboda haka, ya ɗan uwa, idan ka ga wani a zawiya yana rubuta dala goma da ya kashe, kada ka yi masa dariya, ka roƙa masa Allah ya tsare shi daga rowa. Idan kuma kai ne mai rubutun, kada ka raina wanda Allah ya tsayar a wani hali daban, domin zukata Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsu. Wanda yake shakkar inda shi yake, ya kai maganar ga muƙaddaminsa, ya faɗa masa gaskiyar abin da yake samu da bashin da ke kansa, ya ji abin da zai ce.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka, ya sanya duniya a hannunmu kada ya sanya ta a zukatanmu, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya sauƙaƙa mana hisabi ranar da za a buɗe littattafai, albarkar Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.